Takardun da Babu Jan Biro a Kansu

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Nas ce ta ba ni littafin nan. Ta ce kullum a rubuta rana da lokaci, da ko na sha maganin hawan jini, da yadda na ji jikina. Na ce 'yar nan, ni da ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce ban gaishe shi ba? Ta ce ai kina da maƙwabta. To ga Maiɗinki ta ajiye almakashinta tana rubuta mini, Allah ya saka mata.

Rubuta na sha magani. Jiki kuwa ga shi nan dai. Kai na sara ta gefen hagu. Barci tun ranar Juma'a ya yi mini yaji.

Maiɗinki ta ce me ya faru ranar Juma'a. Ba abin da ya faru. Shara na yi. Shekara goma sha ɗaya ina share makarantar cocinmu, aji shida da ofis da bayi huɗu, me zai sami mai shara ban da ciwon baya? Hedimasta ne dai ya ce saura mako uku a rufe makaranta, iyaye za su zo, a fitar da duk tarkacen da ba shi da amfani. Na fitar. Shi ke nan. Ke dai rubuta abin da na faɗa, ba abin da kunnenki ke ƙaiƙayin ji ba.

Talata, ƙarfe shida da rabi na safe

Takwara ce ke rubutawa, jikata, 'yar aji uku. Sunana aka sa mata, kuma tun da uwarta ta tafi inda ba a dawowa mu biyu ne a ɗakin nan. A hankali take rubutu, harshe a waje, kamar mai cire ƙaya.

Na sha magani.

Ta ce in bari ta sa labarin ajinsu. To sa. Wai jiya Antinsu, doguwar malamar nan da ta zo bana, ta birkice aji kaf tana neman wani kwali. Wai har ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin kabad, da ta miƙe idonta ya yi ja. Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gani.

Na ce to Allah ya bayyana. Ɗauki jakarki, za mu makara.

Laraba, ƙarfe biyu na rana, a bakin ƙofar makaranta

Baba Maigadi ke rubutawa. Ya ce rubutunsa na tsohon soja ne, in Nas ta kasa karantawa ta zo ya yi mata fareti.

Yau Hedimasta ya tara mu a ofis, malamai da mu ƙananan ma'aikata. A nan na ji ko mene ne a kwalin. Ranar farko ta shekara Malama ta ba kowane yaro a ajinta takarda ɗaya, ta ce rubuta sunanka da duk abin da ka iya, ka zana gidanku a ƙasa. Su talatin da huɗu. Ta adana su a kwalin sabulu bayan kabad. Niyyarta ranar rufewa ta manna ta farko kusa da ta yanzu a bango, kowane uba ya gani da idonsa inda ɗansa ya taso da inda ya kai. Har ta riga ta aika wa iyaye takarda ta yi musu alkawari.

Hedimasta ya cire tabarau ya ce, "Malama, abin da kika san yana da daraja shi kika ajiye a kwalin sabulu a ƙasa?" Ta sunkuyar da kai. Sai ya juyo wajena. "Iya, makullan azuzuwa a hannunki suke. Kin ga wani kwali?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban da shara me nake gani?"

Abin da na ce ke nan, ba ƙari ba ragi. Baba Maigadi, kana wurin, ko ba haka na ce ba? To rubuta haka.

Na roƙi Baba Maigadi daga yau ya riƙa ƙone mini sharar a ramin bayan makaranta, hayaƙi na tayar mini da ciwon kai. Ya ce shekara goma sha ɗaya kina shaƙa sai yanzu kika zama 'yar gayu? Na ce tsufa ne. Ya ce shi ma ai ba jiya aka yaye shi ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na sha magani. Ba abin da zan ce.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Maiɗinki. Ɗakinta cike da fararen riguna na 'yan waƙa, guda ashirin za ta ɗinka kafin ranar rufewa, tana rubuta mini da fil a baki.

Makarantar ta koma kasuwa. 'Yan aji ɗaya na haddar aya, suna ihu kamar Allah kurma ne. 'Yan aji biyu sun jera gwangwanaye a taga, wai kowa zai nuna wa uwarsa waken da ya shuka, ruwa na ɗiga mini a ƙasa in goge su sake. 'Yan aji shida na koyon wasan kwaikwayo, kullum sai na kwashe gemun auduga. A aji huɗu ana gwada tsawon yara a jikin ƙofa da fensir, malamin ya ce Iya kar ki goge mini. Ka ga mai hankali. Ya faɗa mini. In an faɗa mini ai ba na taɓawa.

Maiɗinki ta ce wai yaya nake gane takardar zubarwa da ta ajiyewa, ni da ban yi karatu ba. Na ce ai da sauƙi. Tsohon Hedimasta, Allah ya ji ƙansa, shi ya koya mini ranar da na fara aiki. Ya ce Iya, duk takardar da kika ga jan biro a kanta, malami ya taɓa ta, ɗora a tebur. Wadda babu ja, shara ce. Da wannan nake aiki tun ran nan kuma ban taɓa kuskure ba. Ban taɓa ba. Rubuta ban taɓa ba.

Kin san dokar makarantar, ɗan ma'aikaci kyauta yake karatu. Da tsintsiyar nan Takwara ke zaune a kujera. Ranar da tsintsiya ta faɗi daga hannuna, kujera ta bi ta. Ni ina zan kai ta? Wannan Hedimastan kuma tun bara yake cewa Iya ba kya son hutawa ne, yana murmushi. Na san irin murmushin.

Lahadi, bayan an tashi sujada

Takwara. Na sha magani.

Malama ta zauna a bencin da ke gabanmu. Wuyanta ya ƙara tsawo, ko rama ce. Da aka ce a gaisa da juna ta juyo ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Iya, ya jikin? Na ji kina fama da kai." Na ce da sauƙi. Aka ɗauki waƙa, waƙar da na iya tun ina budurwa, na buɗe baki ba abin da ya fito.

Takwara ta ce me ya sa ban yi waƙa ba. Mura ce. Rubuta mura.

Talata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Baba Maigadi. Ya ce shi fa ya zama sakatare ba ƙarin girma.

An ba Malama takardar gargaɗi. Shi ya kai mata daga ofis, ya ce ta karanta a tsaye ta ninke ta sa a jaka ta koma ta ci gaba da koya musu lissafi. Ya ce shekarar gwaji take, a ƙarshen wannan zangon za a ce ta zauna ko ta tafi, ga shi abin ya zo a daidai gaɓa. Na ce ni wa ya tambaye ka. Ya ce ke kika tambaye ni mana, har sau biyu.

Da aka tashi ta same ni ina wanke bokiti. Ta ce, "Iya, don Allah ki buɗe mini sito, ko wani ya kai shi can bai sani ba." Na buɗe. Na riƙe mata tocila. Ta sauke karyayyun kujeru, ta ja tsofaffin alluna, gizo-gizo duk a gashinta, tana ɗaga kowane kwali tana cewa Yesu ka taimake ni. Kusan awa guda. Ni kuma ina haskawa. Duk inda ta ce haska nan, in haska.

Da muka fito ta karkaɗe siket ta ce, "Na wahalar da ke, Iya, yi haƙuri." Ta ɗaukar mini bokitin har bakin famfo.

Baba Maigadi ya ce me ya sa na yi shiru. Na gaji ne. Rufe littafin.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na manta ban sha da safe ba. Na sha yanzu. Ƙafa ta kumbura.

Alhamis, ƙarfe goma na safe, a layin asibiti

Wata baiwar Allah ce ke rubuta mini, muna jiran Nas. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, ta ce ma gobe za ta koma garinsu. To 'yar nan, yi mini da rubutun nan naku na manya mai kama da sarƙa, wanda yara ba sa iya bi. Labari zan ba ki. Ba nawa ba ne, na wata mata ce.

Matar nan mai shara ce a wata makaranta. Aka ce mata ta fitar da tarkace. Ta ja kabad ta ga kwali, ƙura ta rufe shi. Ta buɗe. Ta duba, Allah ya sani ta duba, ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga su zuwa haske. Babu ja ko ɗigo. Rubutu kamar kaza ta bi ta kan laka, wasu a yage, wasu da shatin yatsa, wata har da busasshen hawaye ko majina ce. Ta ce a ranta wannan abin kunya ne iyaye su gani. Ta ɗauka a ka ta kai rami. Ta ware guda shida masu kauri don ta shimfiɗa a kantar da take jera kofuna a gida. Sauran ta ƙyasta musu ashana. Ta tsaya har suka cinye, don ba ta barin wuta a bayanta, ita mai kula ce.

Sai daga baya ta ji malamar na gaya wa wata cewa da gangan ta ƙi sa musu jan biro. Wai ranar farko ba a yi wa yaro gyara, a bar shi ya nuna kansa yadda yake. Ke ji fa. Wa zai san wannan? Ina matar nan za ta san wannan?

Da aka tambaye ta a ofis ba ta yi ƙarya ba. Ta dai ce ita shara take gani. Ai gaskiya ne, shara ta gani.

Baiwar Allah ta ce, "Mama, matar nan ta je ta faɗa mana." Na ce tana da jika, a kan aikinta yarinyar ke karatu. Ta ce, "Ita malamar fa, daga sama ta faɗo? Ba ta da kowa?" Na ce ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Wato matar ba ta taɓa tambaya ba.

An kira ni. Na gode, 'yar nan, Allah ya kai ki lafiya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Takwara. Nas ta ce jinin ya hau fiye da da, ta ƙara mini rabin ƙwaya.

Yau an yi musu gwajin karatu a gaban Hedimasta. Ta ce in bari ta sa, to sa, ai abin sawa ne. Wai bayan littafi Anti ta miƙa musu wasiƙar da ta rubuta da hannunta, ita da wani yaro ne kaɗai suka kai ƙarshe ba tuntuɓe. Hedimasta ya ce a tafa mata. Yarinyar da farkon shekara in ta buɗe littafi sai kuka, ta ce baƙaƙen na yawo kamar tururuwa. Ubangiji na gode. Rubuta na sha maga

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Maiɗinki. Kar ki juya baya, na maƙale shafukan da fil, na asibiti ne. A nan za ki rubuta.

Takwara ta ƙi rubuta mini. Jiya tana cikin yi ta ɗaga shafi, na ga bakinta na motsi. Ta daɗe. Na ce me kike nema a baya, ta ajiye biro. Ta tashi ta je wajen kantar kofuna ta sauke su ɗaya ɗaya ta jera a ƙasa, ta tsaya tana kallo, ta mayar da su yadda suke. Na zuba mata abinci ta ci rabi.

Maiɗinki ta ce yaran yanzu ai sai addu'a. Na ce haka ne.

Lahadi, da hantsi

Ban je sujada ba. Ƙafa. Takwara ta tafi ita kaɗai, Maiɗinki ta leƙo ta rubuta wannan.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Takwara ta yarda za ta rubuta, amma ta kafa mini doka. Ta ce ba za ta rubuta mura ba, ba za ta rubuta ƙafa ba, sai abin da muka faɗa da gaske. 'Yar da na goya. To.

Ta ce, "Kaka, takardar ɗan ajinmu da muke kira Sarkin Kuka ce a ƙarƙashin kofin shayinki. Ga sunansa, ga gidan da ya zana ba ƙofa."

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Babu tawa a ciki. Na duba sau biyu."

Na ce, "Da na san taki ce da a ƙirjina zan ɓoye ta. Ban sani ba, Takwara. Duk iri ɗaya suke a idona."

Ta ce ta sani. Sai na zaunar da ita na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba, cewa kujerarta a kan tsintsiyata take tsaye. In na buɗe baki Hedimasta ya ce Iya je ki huta, to badi ba aji huɗu. Sai dai ta zauna tana taya ni kallon bango. Na ce saura kwana huɗu a rufe, kowa zai manta, ki yi shiru ni ma in yi shiru.

Har na ɗauka ta ji. Can ta ce, "Kullum da safe Anti na sa mu roƙi Allah ya bayyana kwalin. Bi da bi muke jan addu'ar. Gobe ni ce."

Na ce, "To ki ja mana."

Ta ce, "In rufe ido in roƙi abin da na san yana ƙarƙashin kofi? Kaka, in ce masa me?"

Har yanzu tana riƙe da biro tana kallona. Na ce rubuta Kaka ta gaji. Ta ce wannan gaskiya ne, za ta rubuta.

Talata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a aji uku

Malama ce ke rubutawa. Yara ba su iso ba tukuna. Na ce ta karɓi biron, in ina kallon hannunta ba fuskarta ba zan fi iya faɗa.

Rubuta ni ce. Ni na ɗauki kwalin ranar Juma'ar nan, ni na ƙone shi a ramin baya. Ban ga ja ba na ce shara ce. Da aka tambaye ni na sani na ƙi faɗa. Ga guda shida da suka rage, na goge su da tsumma, wannan zoben shatin kofi ne ba zai fita ba.

Rubuta duka, kar ki rage mini.

Talata, ƙarfe uku na rana

Baba Maigadi. Yau bai yi mini tsiya ba, ya dai ja mini benci.

Da ta gama rubutawa ta ajiye biron a hankali kamar ƙwai. Ta ɗauki takardun tana kallo tana kiran sunayen masu su ƙasa-ƙasa. Na ɗauka kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Iya, tare muka shiga sito."

Na ce, "Tare."

"Kin riƙe mini tocila."

"Na riƙe."

"Ina kiran sunan Yesu kina haska mini."

Na durƙusa. Ta ce in tashi, ita ba ta son a ga uwa a ƙasa a ajinta, amma ba ta miƙo hannu ba. Da ƙyar na dafa tebur. Ta ce uwarta na kwance a gida wata biyar, ita ke kula da ita, kuma kwana bakwai ke nan tana ɓoye mata takardar gargaɗin a ƙasan jaka. Na ce ban sani ba. Ta ce ai ba ki tambaya ba.

Muka tafi ofis, tana gaba ina baya. Hedimasta ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "Iya, ƙonewar ba ta dame ni kamar kwana goma sha ukun nan ba." Ya miƙo hannu, na kwance makullan daga bakin zanina na ba shi. Hannuna ya yi ta neman su duk yinin nan. Ya ce jibi za su zauna da Fasto da iyayen kwamiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta da laifi." Ya ce wace daga ciki. Na ce duka biyun.

Takwara ta ja addu'ar, in ji ta. Ban tambaye ta me ta ce ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na share fili. Na sha magani. Jira.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Baba Maigadi. Sun kira ni bayan sun yi awa biyu a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa, Fasto ya ce shigo ki zauna, Iya, ba kotu ba ce. Da kotun ma ai da na fi sanin inda zan sa ƙafa.

An janye takardar Malama, za ta zauna. Ni kuma azuzuwa da ofis sun fita daga hannuna, za a nemo wata. An bar mini fili da bayi. Wani uba a kwamiti ya ce a sallame ni kawai, ba don mugunta ba wai don shekaru. Hedimasta ya juya biro a hannu ya daɗe, sannan ya ce mai share fili ma ma'aikaciya ce, dokar ba ta ce sai mai makulli ba. Kujerar Takwara na nan badi. Bayan badi za a sake dubawa.

Na yi godiya har Fasto ya ce ya isa. Da na fito na zauna a kan matakala. Baba Maigadi ya ce makullan yanzu suna aljihunsa, sun fi bindiga nauyi. Na ce ka kula da na aji biyar, sai ka ɗaga ƙofar sama kaɗan kafin ya juya.

Na haɗu da Malama a baranda. Na gaishe ta. Ta amsa, amma ba ta ce Iya ba.

Juma'a, ranar rufewa, ƙarfe biyar na yamma

Takwara ke rubutawa, ba ta cire farar rigar waƙa ba tukuna.

Tun asuba na share fili sau biyu. Aka yi waƙoƙi, aka yi hadda, wani ɗan aji ɗaya ya manta ayarsa ya ce amin ya sauka. Gemun wani ɗan aji shida ya faɗi a tsakiyar wasa. Daga nan aka ce kowa ya bi ɗansa aji.

Na tsaya a bakin ƙofar aji uku. Takwara ta jawo ni ta ce yau ke uwa ce, shigo. Na zauna a kujerar da na goge ba adadi ban taɓa ɗora jikina a kai ba. Ƙarama ce, gwiwata har ƙirji.

A bango sabbin takardu talatin da huɗu, layi-layi, tsaf. Shida kaɗai ke da tsohuwa a gefensu. Sauran gefensu fili ne. Uwar Sarkin Kuka ta tsaya gaban tasa, ta kalli gidan da ba ƙofa ta kalli na yanzu, ta rufe baki da gyale. Ta ce wannan zoben fa na mene ne.

Malama ta ce wa iyaye ta yi alkawarin abin da ba za ta iya cikawa duka ba, takardun sun ƙone bisa kuskure. Ba ta kira suna ba, ba ta kalle ni ba. Ta ce amma ku kun san 'ya'yanku kafin ni, duk wanda babu tsohuwar takardarsa, nasa ya tashi ya faɗi yadda yake a farkon shekara, ni zan rubuta in manna a gurbin.

Aka fara. Wani ya ce nasa cin fensir yake yi ba rubutu ba, kuma gaskiya ya faɗa, ni na sha kwashe guntayen. Wata ta ce tata ba ta magana da kowa sai kyanwa. Wani ya tashi ya rasa abin cewa, ɗan ya ja masa riga ya raɗa masa. Ana dariya, wasu na share ido.

Sai aka kira Takwara. Malama ta ce, "Wa ya zo mata?" Ta sani sarai. Na dafa na miƙe. Duk ajin ya juyo, wasu sai yau suka san ina da jika a nan.

Na ce, "Farkon shekara in ta ga takarda kuka take yi. Yanzu kuwa ba abin da mutum zai ɓoye mata a rubuce."

Iyaye suka kwashe da dariya suka tafa. Malama ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta rubuta, ta shafa gam, ta manna a gefen ta Takwara, ta danna da tafin hannu har ta kama.

Da mutane suka watse na je na tsaya a gabanta. Takwara ta ce, "Kaka, in karanta miki?" Na ce bari. Shekara goma sha ɗaya a makarantar nan, wannan ce takarda ta farko da na san abin da ke cikinta.